Bakano Zai Je Sarin Kaya a Amurka ta 1933

(Teburin mai shayi, bayan sallar isha'i. Bazazzagi na duba jarida, Baƙauye na tsoma burodi a kofi. Bakano ya iso da sauri, babbar riga na jan ƙasa.)

BAKANO: Malam, ajiye jaridar nan. Wai da gaske ne a Amurka burodi senti 7 ne?

BAZAZZAGI: Da gaske ne, Alhaji. Sai dai ka ɗan makara. A 1933 ke nan.

BAKANO: To ai Amurkan tana nan, ba ta tashi ba.

BAZAZZAGI: Tana nan daram. Burodin ne ya tashi.

BAKANO: Bar zolaya, bawana, zayyano min farashi. Senti nawa ne ma a dala?

BAZAZZAGI: Senti 100. Bawa kuma ai shi ne mai zuwa tambaya ƙofar ubangidansa. Saurara. Burodi mai nauyin laba ɗaya, wato kusan rabin kilo, senti 7. Ƙwai dozin, wajen senti 29. Man fetur galan, senti 18. Kwalbar Coca-Cola senti 5. Sabuwar Ford mai silinda 8 da ta fito a 1932, daga dala 460 ta fara.

BAKANO: La'ilaha illallahu! Mota dal a leda? Wallahi da ina nan da tirela uku zan loda, in buɗe shago a bakin titi.

BAZAZZAGI: Ka sayar wa wa?

BAKANO: Jama'a mana.

BAZAZZAGI: Jama'ar da a cikin kowane ma'aikaci 4, ɗaya na zaune ba aiki? Mutum kusan miliyan 13 ke nan. Masu aikin ma an rage musu albashi, an rage musu kwanaki. Ba alheri ne ya karyar da farashin ba, Alhaji, rashin mai saye ne. Kaya na kallon mutane, mutane na kallon kaya.

BAƘAUYE: Allah gafarta Malam, to kuɗin ina suka tafi? Ɓarayi ne suka shigo da dare?

BAZAZZAGI: Da rana tsaka aka yi, Baba, kuma da takarda. Ka san hannun jari? Kafin 1929 mutane da yawa suka rufta sayensa, har da masu ƙaramin ƙarfi. Ga yadda ake yi. Kana son hannun jarin dala 100, sai ka ajiye dala 10, dillali ya ranta maka 90, ya riƙe takardar a matsayin jingina. In farashi ya hau zuwa 110, ka ninka kuɗinka kana kwance.

BAKANO: Wannan ai kasuwa ce mai albarka! Me ya hana ka faɗa min tun da wuri?

BAZAZZAGI: In kuma ya sauko zuwa 90, goman taka ta bi ruwa. Dillali ya aiko: kawo ƙarin kuɗi yau, ko in sayar. Ba ka da su, ya sayar. Da ya sayar farashi ya ƙara faɗuwa, sai na maƙwabcinka ma ya kai gaɓa, shi ma a sayar da nasa. Haka aka yi ta ture juna har ranar Talata 29 ga Oktoba 1929, kasuwar New York ta kife.

BAKANO: Ni dama ban cika son kasuwar da ba a taɓa kaya da hannu ba.

MAI SHAYI: Yanzun nan ka ce mai albarka ce, yallaɓai.

BAKANO: Kai zuba shayi, ba da kai ake ba. To Malam, ni da na ajiye nawa a banki ai na tsira.

BAZAZZAGI: Nan ma an jira ka. Banki ba ya tara kuɗin mutane a ɗaki, ranta su yake, ya bar kaɗan don masu zuwa cira. Da jita-jita ta tashi cewa banki kaza na tangal-tangal, kowa ya sheƙo a rana ɗaya. Na gaban layi su samu, na baya a rufe musu ƙofa a fuska. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna wajen 9,000 suka durƙushe, kuma babu wata doka da ta ce a biya ka.

BAƘAUYE: Shi ya sa nawa suke cikin tukunya a ƙarƙashin rumbu.

(Kowa ya juyo ya kalle shi.)

BAƘAUYE: Rumbun wani gari nake nufi.

BAKANO: To in ka rasa aiki ai sai ka kama sana'a. Mu Kanawa ba ma zama.

BAZAZZAGI: Sun kama. A ƙarshen 1930 masu gonakin tuffa sun yi kwantai, sai suka riƙa ba marasa aiki akwati a kan dala 1.75, su tsaya a kusurwar titi suna sayar da ɗaya senti 5. Da farko an samu na abinci. Sai kowa ya ji labari. A New York kaɗai masu tallan suka kai wajen 6,000, wannan na kallon wancan, kuɗin akwati ya hau, wadda ta ruɓe kuma asararka ce.

BAKANO: Ka ji matsalar. Ba su da sarkin kasuwa.

BAZAZZAGI: Suna da shugaban ƙasa dai, Herbert Hoover, kuma sun saka masa da suna. Unguwar bukkokin kwali da tsohon kwano da waɗanda aka kora daga haya suka kafa, garin Hoover. Jaridar da mutum ya lulluɓa da ita a kan benci, bargon Hoover. Aljihun da aka zazzago waje ba komai ciki, tutar Hoover. Motar da aka rasa kuɗin manta aka ɗaura wa doki, keken Hoover.

MAI SHAYI: Ashe tutar nan Alhaji yake ɗaga min kullum in na kawo lissafi.

BAƘAUYE: Malam, ka bar 'yan birni. Mu manoma ai ba ruwanmu, abinci na rumbu.

BAZAZZAGI: Ku kuka fi shan wuya, Baba. Alkama ma'auni ɗaya nasu, wajen kilo 27, ana sayar da ita sama da dala 1 a 1929. A 1932 ta dawo senti 38. Auduga daga wajen senti 17 a laba ta faɗo wajen 6. A jihohin masara irin su Iowa wasu suka riƙa hura wutar ɗumama ɗaki da masara, don ta fi kwal araha.

BAƘAUYE: Subhanallahi! Masara a murhu, ba a tukunya ba?

BAZAZZAGI: Ga birni ana layin miya kyauta. Kuɗin kai masarar kasuwa ya fi kuɗinta. Sai ka ji maganin da gwamnatin Franklin Roosevelt ta kawo a 1933. Ta ce kaya sun yi yawa, a rage su farashi ya ɗaga. Ta sayi aladu wajen miliyan 6, galibi ƙanana, aka yanka. Ta biya manoma su bi ta kan audugar da ta riga ta tsiro da garma su binne ta, eka wajen miliyan 10.

BAKANO: Tsaya. A biya ka don ka ɓata gonarka? Ina ake rubuta suna?

BAZAZZAGI: An sami cikas daga inda ba a zata ba. Alfadaran da ke jan garmar, tun suna ƙanana ake dukansu in sun taka shuka. Ranar da aka ce su hau kan kunya su tattake, da yawa suka cije suka ƙi.

BAƘAUYE: Wallahi alfadarin nan ya san darajar noma. A kai masa gaisuwata.

BAZAZZAGI: Audugar dai ta ɗago zuwa wajen senti 10 a shekarar. Sai dai kuɗin diyyar mai gona ake miƙa wa, ɗan ƙodagon da ke noma masa a raba amfani sau da yawa sallama ya samu. Kai kuma Alhaji da kake dariya, guguwar ta iso har Kano. Farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930, Bature kuma bai daina karɓar haraji da tsabar kuɗi ba. A Jos aka rage haƙar kuza bayan yarjejeniyar ƙasashe masu kuza ta 1931, aka sallami leburori.

BAKANO: Ka ga mu ko karaya za a yi, da mu ake yi a duniya. Ku a Zariya me ya faɗi? Farashin alli?

BAZAZZAGI: Mu muka rubuta muku takardar bashin.

MAI SHAYI: To Malam, bankunan nan haka aka bar su?

BAZAZZAGI: Roosevelt ya hau mulki 4 ga Maris 1933. Ranar 6 ya rufe kowane banki a ƙasar, aka shiga duba littattafansu. Ranar 12 da dare ya yi wa mutane magana ta rediyo, ya ce bankin da aka sake buɗewa ya fi ƙarƙashin katifa aminci. Washegari aka fara buɗe masu lafiya, sai ga layi kuma, amma na masu dawo da kuɗi. Daga Janairun 1934 gwamnati ta tsaya wa ajiyar kowa har dala 2,500.

BAKANO: Mutum ɗaya ya yi magana a akwati, mutane suka fito da kuɗinsu? Wannan ko a Kurmi sai ya yi suna.

BAƘAUYE: Mutanen nan suna dariya kuwa a lokacin?

BAZAZZAGI: Sosai. Rediyo in ka saya sau ɗaya, shi ke nan, wasan kwaikwayo da dambe kyauta. Silima wajen senti 25, kuma da masu gidajen suka ga kujeru ba kowa, suka koma nuna fim 2 da tikiti ɗaya. Wasu suka ware dare guda a mako, duk matar da ta sayi tikiti a ba ta tangaran ɗaya. Wannan makon faranti, na gaba kofi. In kika yi fashi, jerenki ya yi giɓi.

BAKANO: Wanda ya ƙirƙiro wannan a bincika, kakarsa Bakanuwa ce.

BAZAZZAGI: Akwai kuma gasar rawa ta kwana da kwanaki, wata har makonni. Minti 45 kuna motsi, minti 15 hutu, dare da rana. Gwiwa ta taɓa ƙasa, an fitar da ku. Ɗaya na barci a kafaɗar ɗaya ana jansa. Yawanci ba kyautar ta kawo su ba, abincin ne, don ana ciyar da su har sau 12 a yini, a tsaye.

BAƘAUYE: Sau 12? Ana karɓar dattawa?

BAZAZZAGI: Jaridu kuwa 'yan fashin banki suka cika su. Akwai John Dillinger, wanda wasu talakawa har daɗi suke ji in ya shiga banki. A Yulin 1934 jami'an tsaro suka harbe shi yana fitowa daga silima a Chicago.

BAƘAUYE: Allah sarki. Ya dai karɓi farantin?

MAI SHAYI: Yallaɓai Alhaji, tunda ana maganar bashi, naka ya kai wata 3. Yau ko kuɗi, ko in yi gwanjon takalmin nan.

BAKANO: Malam, a Amurkan in za a yi wa mutum gwanjo, ba wata dabara?

BAZAZZAGI: Akwai. Manomi ya jinginar da gona, alkama ta faɗi, bashi bai faɗi ba, banki ya kira gwanjo. Sai maƙwabta su cika wurin tun da safe. A ɗaga saniya, ɗaya ya ce senti 5, kowa ya yi gum. A ɗaga garma, senti 10. In baƙo ya buɗe baki zai ƙara, ƙarti su matso su kewaye shi, wani wurin ma an rataye igiya a ƙofar rumbu don ya gani. A tashi banki ya tara 'yan daloli, a mayar wa mai gona kayansa.

BAKANO: Alhamdulillahi! Mai shayi, ɗaga takalmin. Jama'a, kun ji tsarin. Malam, fara.

BAZAZZAGI: Naira 5.

BAKANO: Madalla da bawan kirki. Kowa ya yi shiru.

BAƘAUYE: Naira dubu 4.

BAKANO: Baba! Ba ka ji yadda ake yi ba? Maƙwabta ba sa ƙarawa!

BAƘAUYE: Na ji sarai, Alhaji. Bara da kaka kai ka sayi gyaɗata, da mudunka mai zurfin nan. Mai shayi, haɗa da hular.