Kuɗin ICT da muke biya duk shekara, ina suke zuwa?

Wallahi abin nan ya ishe mu haka. Duk shekara in ka ciro takardar kuɗin makaranta sai ka ga an jera kuɗin ICT, wato na kwamfuta da intanet, a ciki, ba a taɓa mantawa da shi ba, ba a taɓa yi wa kowa ragi ba, ɗan aji ɗaya ya biya, mu masu digiri na biyu mu biya, amma ka tare duk ɗalibin da ka ga dama a jami'armu ka ce ya nuna maka abin da ya mora da kuɗin nan, sai dai ya yi tsaki ya wuce.

Fotal ɗin rajista, wato shafin intanet na makaranta, shi kaɗai ya isa ya sa wa mutum hawan jini. Ka biya kuɗinka, banki ya turo maka alat, ga rasit a hannunka, ka shiga fotal ya ce maka ba ka biya ba. Ka tafi ofishin ICT, taga ɗaya ce tal mai ƙarafuna, mutane sun yi cincirindo a rana kowa ya ɗaga takardarsa sama, in Allah Ya sa ka kai gaba wani ya leƙo ya ce "saba ce ta sauka, ku dawo gobe" ya ja labule, wai babbar kwamfutar da ke riƙe da fotal ce ta tsaya. Goben su ce ai matsalar ofishin kuɗi ce, can kuma su koro ka su ce ba ruwansu da fotal. Kana cikin wannan safa da marwa wa'adin rajista ya cika, sai ga sanarwa wai duk wanda ya makara zai biya tara. Tarar me, don Allah? Na'urarku ce ta ƙi aiki, ni kuma zan biya kuɗin laifinta? Akwai ɗalibai mata da na sani da sai ƙarfe biyun dare suke tashi a hostal su yi rajistar kwasa-kwasai, don lokacin ne kawai shafin yake yarda ya buɗe. Wanda ya gaji kuma ya kai wa masu kafe na bakin get ya sake biyan wani kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Kuma bayan duk wannan sai ka buga kwafi-kwafi ka zuba a fayil ɗin kwali ka bi ofis-ofis neman sa hannu, to ina amfanin intanet ɗin kenan?

Waifai kuwa sunansa kawai muke gani a waya. Sandunan sabis su cika taf, ka danna, ko shafin Google ba zai buɗe ba. Inda yake ɗan motsi shi ne gefen ginin Sanet inda ofisoshin manyan makaranta suke, shi ya sa da daddare za ka ga yara sun jingina da bango a zaune a ƙasa, laftof a cinya, hannu ɗaya na kora sauro. Sauranmu data muke saya, datar da tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara mata kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin da garin kwaki ke riƙe da shi har ƙarshen wata, shi ake cewa ya sauke bidiyon lakca.

Na san za a ce wuta ce. Gaskiya ne, a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar Band A, rukunin da aka fi ba wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, jami'o'i sun ji a jikinsu, dizal ma ba a magana. Amma rana fa kyauta Allah Ya ba mu a Arewa. A 2019 hukumar samar da wutar karkara ta REA ta ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, kenan abu ne mai yiwuwa. Mu ba ma ce a haska mana makaranta gaba ɗaya ba, ɗakin saba da laburare kawai, faranti nawa da batir nawa za su ci?

Laburaren intanet ɗinmu shi ya fi ƙona min rai. Gini mai kyau, ga allon TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jikin bango, su sun yi nasu sun gina sun zuba kwamfutoci. Ka leƙa ta taga ka ga kwamfutocin a jere an lulluɓe su da leda, ƙurar hunturu ta yi musu fari fat, inbata ta mutu tun ban san yaushe ba, ƙofa a garƙame, mai mukulli ya fita. Matsalarmu kenan, kowa yana son ginin da za a zo a yanke ƙyalle a ɗau hoto, amma kuɗin canza batir, kuɗin mai gyara, kuɗin sabunta rajistar mujallun bincike, wannan babu mai sa shi a kasafi don ba a ɗaukar sa a hoto. Tun 2014 aka ƙaddamar da NgREN, hanyar sadarwar intanet ta jami'o'i, aka haɗa jami'o'in tarayya 27 don bincike da koyarwa, yau sama da shekara goma, ni ɗalibin bincike har yanzu roƙon abokina da ke karatu a Malesiya nake ya sauke min takarda ya turo ta WhatsApp, don mujalla tana neman daloli a kan maƙala ɗaya. Sannan malamina ya ce ba ya son madogarar da ta wuce shekara biyar. Ban ga laifinsa ba, shi ma da kuɗin aljihunsa yake sayen data, a gida yake cajin laftof ya zo ya yi mana lakca kafin ta mutu.

Korona ta zo a 2020 ta tona asirin kowa, aka rufe makarantu, ASUU ma tana yajin aiki daga Maris har Disamba, amma ko da ba yajin da wane kayan aiki za a koyar ta intanet? Mun ɗauka an ɗau darasi. Ina! Har yau ana tsakiyar jarrabawar kwamfuta wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, yaro ya rasa duk amsoshin da ya danna, a ƙarshen zango a ce ba a ga sakamakonsa ba, ya maimaita kwas, iyayensa a gida su ɗauka wasa yake.

Hukumar makaranta, ku liƙa mana a allon sanarwa nawa kuka tara na ICT bana da abin da kuka saya da shi. Ku soke tarar makara a duk zangon da fotal ya tsaya. Ku buɗe laburaren nan ko da kwamfuta goma ce ke aiki. Ƙungiyar ɗalibai kuma da kuka zagaya hostal kuna roƙon ƙuri'unmu, rajistar sabon zango ta kusa, muna jiran mu ji bakinku kafin a sake cire mana kuɗin nan.