Ƙa'idar tana Abuja, izinin gini yana hannun jiha

Wani labari ya ce haɗin gwiwar gwamnati da kamfanonin gine-gine ne zai rage hayaƙin da gidaje da ofisoshi ke jawowa. Haka ne, amma bai taɓo inda gizo ke saƙa ba. Tun 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi da tallafin GIZ, hukumar raya ƙasashe ta Jamus: idan tagogi sun wuce kashi 20 cikin ɗari na bango dole a yi musu inuwa, a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, a sa na'urar sanyaya ɗaki mai inbata. To amma ba tarayya ke ba da izinin gini a jihohi ba. Hukumomin tsara birane na jihohi ne, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, kuma muddin jiha ba ta sa ƙa'idar cikin sharuɗɗan amincewa da zane ba, takarda ce kawai. Ko an amince da zanen, wa ke komawa ya duba kafin a rufe silin? A nan ake cire abin tare zafin, domin mai gini ba shi zai sayi dizal ba, ɗan haya ne. Kwano ya gasu, na'ura ba ta hutawa, janareta ya kwana yana shan mai. Duk mai cewa sola ta wadatar, ka sani bangon gilashi mai kallon yamma ƙarin faranti da batir zai ci maka. Shin an ba jami'an duba gini na jihohi da magina kujera a wannan haɗin gwiwar?