"Ai ke yarinya ce" ba sakamakon gwaji ba ne

Ina da shekara 36 al'adata ta fara rikicewa. Wata ɗaya ta zo, wata biyu shiru, in ta dawo ma ɗis-ɗis. Sai wani zafi da ke taso mini daga ƙirji ya mamaye fuska. Ƙarfe uku na dare, a tsakiyar hunturu, maigida ya dunƙule cikin bargo, ni kuwa ina zaune bakin gado ina fifita da faifai, rigar barci ta jiƙe sharkaf. Da rana ga saurin fushi, ga mantuwa. Ga kuma bushewar gaba da zafi lokacin kwanciya, abin da kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Umma ta ce ciki ne ya kwanta. Ƙawata ta ce sanyi ne, ta kawo mini saiwoyi. Wata ta ba da shawarar ruƙiyya. A kemis sau uku ana ba ni maganin taifot da maleriya. Wannan duk ban ga laifinsu ba, iya abin da suka sani ke nan. Wanda har yau yake ci mini rai shi ne likitan da na zayyana wa komai, na tambaye shi ko al'adar ce take shirin ɗaukewa, ya yi murmushi ya ce, "Haba Hajiya, ai ke yarinya ce, damuwa ce kawai." Ko jinina bai ɗiba ba.

Gaskiya ne yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Amma kusan mace ɗaya cikin 100 jakar ƙwanta tana raunana, al'ada ta fara ɗaukewa, tun kafin ta kai 40. Ku ƙirga matan da ke taruwa a gidan biki guda, za ku ga abin ba baƙo ba ne. Wasu sanadin maganin cutar kansa ne, wasu tiyata, wasu gado, da yawa kuma ba a gano dalili.

Sai da na sha wahalar kusan shekara biyu kafin wata likitar mata ta saurare ni har ƙarshe. Ta fara da gwajin ciki, ta duba sinadarin tayirod da wanda ke kawo ruwan nono, domin su ma suna rikita al'ada. Sannan ta sa aka auna FSH, sinadarin da ke hauhawa a jini in jakar ƙwai ta raunana, sau biyu, da tazarar mako 4 zuwa 6. Duka biyun ya hau sosai. Ta juyo da takardar gabana ta ce, "'Yar'uwa, ba tunaninki ba ne, jikinki ne." Wallahi a nan na fashe da kuka, rabi daɗi, rabi tunanin haihuwar da nake so in ƙara.

Ta ɗora ni a kan istirojin, sinadarin da jakar ƙwai ke samarwa, tare da sinadarin furojestaron tunda mahaifata tana nan, shi ne ke kare bangon mahaifa. Ta ce in ci gaba har wajen shekara 50. A nan ne nake so mata su buɗe kunne: maganar ta wuce gumin dare. Istirojin ne ke riƙe ƙarfin ƙashi, yana kuma taimakon zuciya da jijiyoyin jini. Wadda ta rasa shi tana 38 za ta yi shekara goma sha wani abu ƙashinta yana zaizayewa a ɓoye, sai ranar da ta zame a banɗaki ƙugu ya karye.

Na san za a ce maganin yana jawo kansar nono. Tsoron nan ya bazu ne daga wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2002, kuma matan da aka yi shi a kansu matsakaicin shekarunsu 63 ne. Halinsu daban da na wadda ake mayar mata da abin da ya kamata jikinta yana samarwa da kansa. Duk da haka ba maganin da za ki saya a kemis don ƙawarki tana sha ba ne. Wadda ta taɓa kansar nono, ko daskarewar jini a jijiya, ko ciwon hanta, dole likita ya sani tukuna. Kuma ba ya hana ɗaukar ciki. Akwai kaɗan da ƙwai ke sake motsa musu su haihu.

Samun maganin ma wani aiki ne, na zaga shaguna kafin in dace. Likitata ta ce in ya yanke, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarai biyu tana iya tsayawa a madadinsa ga wadda ta dace da ita.

Cikin 'yan makonni barci ya dawo mini. Watan jiya ƙanwar maigida, mai shekara 39, ta ja ni ɗaki tana raɗa mini cewa wata huɗu ba ta ga jini ba, kuma gwajin ciki bai nuna komai ba. Na miƙa mata littafi na ce ta rubuta ranakun da ta gani na ƙarshe da duk abin da take ji, har wanda take jin kunyarsa. Ranar Litinin ni zan raka ta.