Samarin fada, ba kowane baƙon kare ne mahaukaci ba

Ƴan'uwa samari na Birni da Zango da Garin Malam da sauran unguwannin Damagaram, masu zama a fada, wato majalisar hirar samari, akwai abin da ya zama ruwan dare. Baƙon kare ya shigo lungu da tsakar rana, harshe a waje, yawu na zuba, wutsiya a matse. Yaro ɗaya ya yi ihu, "Mahaukaci ne!" Kafin a yi haka an rufe shi da duwatsu da gora. Bayan magariba sai ga mafarauci ko mai garka da igiya a hannu yana cigiya. A lokacin kowa sai ya ce shi dai dutse ɗaya ya jefa, kuma bai ma same shi ba.

Tsoronku yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Amma haki da dalalar yawu a zafin Afrilu ba hujja ba ne. Karen da ya kwana biyu yana yawo babu ruwa, yara na korarsa daga lungu zuwa lungu, haka zai yi kama. Wanda ya ci guba ma yakan yi kumfa. Abin da ya fi nuna ciwon shi ne kare ya riƙa cizon duk abin da ya tarar, itace, ƙarfe, har dutse, muryarsa ta canza, haɓarsa ta saki ya kasa rufe baki, ko ƙafafun baya su fara shanyewa yana tangaɗi. Gwajin da wasu ke yi na ajiye masa ruwa su ga ko zai sha, ku bar shi. Tsoron ruwa alama ce a jikin mutum, kare mai ciwon yana iya sha.

In bai kai wa kowa hari ba, ku janye yara, ku daina ihu. A ja shi da abinci zuwa kango ko garejin da ke da ƙofa, a rufe, a tura masa ruwa da sanda, kada kowa ya sa hannu. Ku ɗauki hotonsa daga nesa ku watsa a zaurukan WhatsApp na unguwa, ku faɗa wa mai unguwa, ku aika wa ma'aikatan kiwo. In akwai igiya ko wata alama a wuyansa, ko ya ƙoshi fatarsa na sheƙi, to yana da mai shi.

In kuwa ya riga ya ciji wani, a nan ne kashe shi ya fi zama ɓarna. Wanda aka ciza a wanke masa wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, sannan a kai shi likita a ranar don a fara allura. Ba a ɗaure ciwon da tsumma, ba a sa barkono ko toka. Shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana lura. Dalili shi ne ƙwayar cutar ba ta isa yawun kare sai mutuwarsa ta kusa. In ya cika kwana 10 yana ci yana sha lafiya lau, ba ya ɗauke da ita a yawunsa ranar da ya yi cizon, kuma likita ne zai ce ko a tsayar da sauran allurai. Kun kashe shi, kun binne wannan amsa tare da shi, kun bar iyalin yaro cikin zullumi na watanni, don ciwon yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya fito, wani lokaci har shekara.

Akwai ranar da kashewa ke zama dole, in kare yana afka wa mutane babu halin tsare shi. Ko a nan kada a farfasa kansa, domin a ƙwaƙwalwa ake gwada ciwon. A kira likitan dabbobi nan take, shi zai cire kan ya sa cikin ƙanƙara, don a zafin garin nan nama ba ya jira. Zuba guba a nama a bakin juji kuma, wannan ba ya tambayar kare na wa ne. Yana kwashe kyanwa da ungulu da karen maƙwabci, ga yara masu tsince-tsince.

To, an riga an kashe, daga baya ta bayyana lafiyayyen karen wani ne. Wa zai ɗauka? Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan a duhu ba. A littafin fiƙihu na Risala an faɗa cewa karen da aka halatta riƙe shi, wanda ya kashe shi zai biya ƙimarsa. Kuma a dukiyar mutane, ganganci da kuskure ɗaya suke wajen biya. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwa. Saboda haka "ai mun zaci mahaukaci ne" tana sa a yi muku uzuri, amma ba ta rufe maganar kuɗi. Kada ku jefa gawar a kwata ku yi shiru. Ku je wajen mai unguwa da ƙafarku, a kira mai kare ya gani da idonsa, a nemo manyan mafarauta biyu su yi ƙima, duk wanda ya jefa ya sa hannu a aljihu. Wanda ya fara ihun ma kada ya sulale, bakinsa ne ya tara jama'a. Horarren karen farauta ba daidai yake da ɗan kwikwiyo ba, ku shirya jin kuɗin da ba ku zata ba.

Kai kuma mai kare, laifi tudu ne. Kafin ka tara abokai ku nufi waccan fadar da sanduna, tambayi kanka ina katin allurarsa. Ana yi wa kare rigakafi tun yana wata uku, ana sabuntawa kamar yadda likitan dabbobi ya rubuta a katin, kuma inda aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri, ciwon yakan daina yaɗuwa. In ka sake shi da rana babu alama a wuya, ko ya ɓata ka kwana biyu ba ka yi cigiya ba, masu sulhu suna da damar rage maka. In kuma ya ciji yaro kafin a kashe shi, maganar kuɗin allurar yaron za ta shigo zaman, kuma kai za a fara kallo. Ɗan gwangwani da aka huda aka rubuta lambar wayarka da ƙusa, a ɗaure a wuyansa da waya mai ƙwari, ya isa wanda ya gan shi a Kasuwar Dole ya kira ka kafin azahar.