Fayil Ɗaya, Suna Uku

A wani shagon shadda a Kantin Kwari. Bakano ya kira Bazazzagi mai gyaran kwamfuta ya duba masa na'urarsa.

BAKANO: Shigo, bawana. Kar ka taɓa shaddar nan, ta fi ƙarfin albashinka.

BAZAZZAGI: Bawa yana kiran ubangidansa bawa! Alhaji, babbar manhajar Linux nake gani a kwamfutarka? Yaushe ka waye?

BAKANO: An ce min kyauta ce.

BAZAZZAGI: Na san a rina. To me ya same ta?

BAKANO: Lafiyarta ƙalau. So nake ka shaida cewa littafin bashina yana nan kwafi uku. Yaron shagona ne ya yi min, na biya shi ɗari biyar-biyar kowane kwafi. Sai da na yi kwana biyu ina jin zafin kuɗin.

BAZAZZAGI: Bari mu jera fayilolin da lambobinsu mu gani.

Ya ja kujera ya rubuta:

find /home -xdev -type f -printf '%i %p\n' | sort -n

BAKANO: A'uzubillahi! Wannan wane irin hatimi ne? Idan asiri za ka yi wa masu cin bashina, ka faɗa min farashi tukun.

BAZAZZAGI: Ba asiri ba ne. Ce mata na yi ta bi duk fayilolin da ke nan, ta rubuto lambar ainod ta kowanne, wato lambar katin bayanansa, sannan hanyar da ake bi a same shi. Wancan na ƙarshe kuma ya jera su daga ƙaramar lamba zuwa babba, don masu lamba ɗaya su zauna kusa da juna.

BAKANO: Fayil ma yana da lamba? Ni suna na sani.

BAZAZZAGI: Sunan na mutane ne. Ita na'ura lambar take bi. A cikin ainod ake ajiye girman fayil, da mai shi, da wanda aka yarda ya buɗe, da inda abin yake kwance a faifai. Amma suna ba ya ciki. Sunan yana cikin folda, an rubuta shi a gefen lambar. Tun zamanin Unix, tsarin da Linux ya kwaikwaya, wanda su Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969 a Amurka, haka tsarin yake.

BAKANO: Ban tambaye ka tarihin kakanninka ba. Ina kwafina uku?

BAZAZZAGI: Matso. Ga "bashi". Ga "bashi_na_biyu". Ga wani a foldar ajiya. Karanta min lambar da ke gaban kowanne.

BAKANO: 524301. Sai... 524301. Na uku... Kai, kwamfutar nan in'ina take yi?

BAZAZZAGI: Ba ta in'ina. Alhaji, a kasuwa ana ce maka Na-Kwari, a gida Baban Yara, a masallaci Alhaji. Lambar NIN ɗinka nawa?

BAKANO: Ɗaya mana.

BAZAZZAGI: To fayil ɗinka ɗaya ne, sunansa uku. Yaronka umarnin ln ya buga, bai buga na cp ba. Na farko sabon suna kawai yake raɗa wa abin da ke nan. Na biyun shi ke haifar da sabon fayil mai tasa lambar. Duba, in na buga ls -li, ka ga 3 ɗin nan bayan izinin fayil? Adadin sunayensa kenan.

BAKANO: Wato na biya dubu ɗaya da ɗari biyar kuɗin raɗin suna? Ba rago, ba goro?

BAZAZZAGI: Ko waina babu.

BAKANO: Tsaya. Jiya da kaina na goge wani mai suna "bashi_tsoho", kuma littafin bai ɓace ba. Ka ga ke nan kwafi ne.

BAZAZZAGI: Gyara yaron ya yi maka, suna huɗu ya sa. Ka goge ɗaya, ƙidaya ta sauko daga 4 zuwa 3. Sai ta kai sifili, kuma babu manhajar da ke riƙe da fayil ɗin a buɗe, sannan na'ura za ta saki wurin. Amma ranar da faifan nan ya mutu, duk sunayen tare za su bi shi, masu cin bashinka su yi walima.

BAKANO: Ba bakinka ba! To ga filas ta USB a jikin kwamfutar, me ya sa ba ka jero nata ba?

BAZAZZAGI: Ni na hana. Aikin -xdev kenan, kar bincike ya ƙetare zuwa wani faifan. Kowane faifai da nasa lissafin. Kana iya samun 524301 a filas, amma wani abu ne daban, wataƙila hoton bikin ƙanenka. A ext4 ma, wato tsarin shirya faifai na Linux, babbar foldar tushe kullum lamba 2 ce, a faifanka da na maƙwabcinka.

BAKANO: Lambata ɗaya da ta maƙwabcina? Ba na son haɗa komai da mutumin nan.

BAZAZZAGI: Sai haƙuri. Yanzu sayi faifan waje, in kwafa maka na gaskiya.

BAKANO: Nawa?

Bazazzagi ya faɗa masa a kunne. Bakano ya cire hula ya yi fifita da ita.

BAKANO: Bar ni da sunaye ukun, Allah zai tsare. Amma yaron nan... abu ɗaya ya sayar min sau uku, har da gyara, bai kashe ko sisi ba?

BAZAZZAGI: Korarsa za ka yi?

BAKANO: Kora? Gobe zan ba shi makullin shago. 'Yata ma in yana so.

BAZAZZAGI: Allah ya shirye ku, Kanawa. Sallame ni in kama motar Zariya. Kuɗin aiki dubu, kuɗin mota dubu, sai goro dubu.

Bakano ya lalubi aljihu, ya zaro takardar dubu ɗaya ya ajiye a tebur.

BAZAZZAGI: Alhaji, ɗaya ce wannan.

BAKANO: Duba lambarta da kyau. Ga kuɗin aiki, ga kuɗin mota, ga goro.