Ashura ta zo, ina kuɗin ɗan garuwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Wayoyinmu sun cika da saƙon Ashura. Kowa na tura wa kowa: gobe Tasu'a, jibi goma ga Muharram, azuminta na kankare zunubin shekarar da ta gabata. Allah ya ba da lada. A gidaje kuma an shiga shirin cika-ciki, masu ajiyar jelar ragon layya sun fito da ita. Amma akwai maganar da ban ga ana turawa ba.

A ranar Ashura Allah ya tsaga wa Annabi Musa (AS) teku, ya nutsar da Fir'auna da rundunarsa. Da Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar Yahudawa na azumtarta don godiya, ya ce mu muka fi su cancanta da Musa. Sahabbai har yara suke sa wa azumin. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce sukan yi musu abin wasa da ulu, in yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa har rana ta faɗi. A goma ga Muharram ɗin dai, shekara ta 61 bayan Hijira, wato 680 Miladiyya, aka kashe Sayyidina Husaini, jikan Annabi, a Karbala ta ƙasar Iraƙi, da shi da maza da dama na gidansa, bayan an tare musu hanyar ruwan Furatu. Gardamar da ake tayarwa a Facebook duk shekara kan wannan, na bar wa masu ita. Abin da ke gabana shi ne, ko ta ina ka duba tarihin ranar nan, zalunci za ka gani da ƙarshen mai yin sa.

To mu fa? Jiya a layinmu na ga ɗan garuwa tsaye a ƙofar wani gida, rana na dukansa, yana jiran kuɗin ruwan da ya zuba tun makon jiya. Aka aiko yaro ya ce masa ya dawo gobe. Maigidan nan kuwa, wallahi, yana cikin waɗanda suka fara turo mana falalar Ashura.

Muna tsine wa Fir'auna, alhali kowa na da 'yar ƙaramar Masar ɗinsa. Hajiya, yarinyar da aka kawo miki daga ƙauye, wata nawa rabon da ki ba ta haƙƙinta? Ita ce wanke-wanke, ita ce raino, ita ce ƙarshen kwanciya, abincinta ƙanzo. Alhaji, gini ya kai linta, birkila da leburori na ta sintiri. Baffa, gonar marayun ɗan uwanka da ka ce kana riƙe musu, yaran har sun yi gemu. Mai awo da ya bubbuge gindin mudu. Mijin da ya saki mata ya riƙe kayan ɗakinta. Wanda ya ci bashi, ya sauya waya, ya daina ɗaga kiran mai kuɗin.

Kar mu ruɗi kanmu. Malamai sun yi bayani, ƙananan zunubai azumin nan yake kankarewa. Haƙƙin mutum kuwa yana nan a wuyanka sai ka biya ko ya yafe da bakinsa. Mun san hadisin matsiyacin da zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan waɗanda ya cuta har ya ƙare, sannan a labta masa zunubansu. Ga shi muna cikin wata mai alfarma, ɗaya daga cikin huɗun da Suratut Tauba ta ce kada mu zalunci kanmu a cikinsu.

Kuma wannan “dawo gobe” ɗin, wa ya yi maka alƙawarin goben? Annabi (SAW) da kansa ya ce in ya kai baɗi zai azumci ranar tara. Bai kai ba, ya rasu a Rabi'ul Awwal na shekara ta 11.

Ku yi azumi, ku sa yara su gwada, ku ci cika-cikinku lafiya. Amma don girman Allah, kafin sahur ɗin Tasu'a, a biya. Hajiya, kira yarinyar nan ki ƙirga mata kuɗinta a hannu. Baffa, a tara dangi a raba gonar nan. In babu halin biya, tashi ka je da ƙafarka ka nemi a ɗaga maka, kar ka aika yaro.

A biya ɗan garuwa yau.