Dodon da ke kishi da saurayin matuƙiya

A sansanin sojan sama na Gifu da ke tsakiyar ƙasar Japan, an aiki wata sabuwar ɗauka mai suna Hisone Amakasu wani rumbun jirage da ba kowa ke zuwa ba. Shigarta ke da wuya wani ƙaton dodo mai fukafukai ya haɗiye ta ɗungurungum, ya tashi sama da ita. Da ya amayo ta, sai manyanta suka yi mata barka: ta sami sabon aiki, ita ce matuƙiyarsa. Haka Hisone to Masotan ya fara, wato fim ɗin zane mai kashi 12 da kamfanin Bones ya fitar a 2018, wanda Netflix ta yaɗa a duniya da sunan Dragon Pilot. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, don zan fasa ƙwan labarin har ƙarshensa.

A cikin labarin, gwamnatin Japan ta daɗe tana ɓoye waɗannan dodanni. Ana sa musu sulken ƙarfe su rikiɗe su koma kamar jirage, yadda mai kallo daga ƙasa ba zai ga komai ba sai jirgin soja. Masotan, dodon Hisone, yana ɓuya ne a siffar F-15J. Sauran dodanni ukun suna shigar F-2 da C-1 da E-2C, kuma dukkansu jirage ne da rundunar sojan saman Japan ke da su a zahiri a lokacin da fim ɗin ya fito, kamar yadda shi kansa sansanin Gifu yake nan a birnin Kakamigahara. Babu kujerar matuƙi. Daga cikin tumbin dodon ake tuƙi, ana danna naman cikinsa da hannu, sanye da rigar da ruwan ciki ba ya cinyewa. Mata kaɗai dodannin ke yarda su haɗiye.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka katun ne na yara, musamman da yake zanen fuskokin mai sauƙi ne, shi kuma Masotan matsoraci ne mai kwaɗayin cin tsofaffin wayoyin hannu. Ni ma haka na ɗauka har tsakiyar fim ɗin, inda aka fito da ƙa'idar da komai ya rataya a kanta: duk matuƙiyar da ta kamu da son wani, dodonta zai ƙi ta. Matar da ta riga Hisone tuƙa Masotan haka ta bar aikin, ta yi aure, dodon ya zauna shekaru bai haɗiye kowa ba.

A yawancin finafinan matasa matuƙan jirage, soyayya ladan jarumi ce, ko kuma man da ke ƙara masa ƙarfin yaƙi. A Dragonaut: The Resonance na kamfanin Gonzo, wanda ya fito a 2007, dodanniyar ce ma ke zuwa a siffar budurwa, yaron ya so ta, son ya zama igiyar da ta ɗaure su a sama da ƙasa. Mari Okada, marubuciyar Hisone to Masotan, ta juya abin. A wurinta soyayya matsalar ofis ce, abin da manya ke zama a kai a ɗakin taro. Da jami'in da gwamnati ta turo ya fahimci hatsarin, sai ya kawo dabara: a tura 'yan matan su faɗa soyayya da gangan, sa'an nan a karya musu zuciya, don su koma ga dodanninsu ba su da wani abin jingina. Tun wajen zaɓe ma an fi son yarinyar da ba ta ɗauki kanta a bakin komai ba, domin ita ce za ta miƙa wuya gaba ɗaya.

Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin fim ɗin ya fi ƙarfin kamanninsa. Dodo dabba ce, kishinsa halitta ne, ba a kama shi da laifi. Amma maza masu kwat da kaki da suka zauna suka tsara yadda za a sarrafa zuciyar 'yar shekara ashirin saboda amfanin ƙasa, su sun san abin da suke yi. Kuma Okada ba daga sama ta tsinto su ba. Duk mai bibiyar waƙoƙin Japan ya san dokar hana soyayya da ake gindaya wa 'yan matan ƙungiyoyin mawaƙa, don kada masoyansu maza su ji an yi musu kishiya. A farkon 2013, Minami Minegishi ta ƙungiyar AKB48 ta aske kanta ƙwal, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafara, saboda wata mujalla ta ɗauki hotonta tana fitowa daga gidan saurayi. Shekarunta 20 a lokacin. Harshen Japananci har kalma yake da ita ta musamman, kotobuki taisha, ga macen da ta ajiye aiki saboda aure, kuma kalmar tana ɗauke da ma'anar taya murna.

Shekarar da fim ɗin ya fito ta ba shi shaida biyu da masu shi ba su nema ba. A watan Agustan 2018 aka bankaɗo cewa Jami'ar Koyon Likitanci ta Tokyo ta yi shekaru tana rage wa mata maki a jarrabawar shiga, bisa hujjar cewa likitoci mata na barin aiki in sun yi aure sun haihu. A cikin wannan watan dai Misa Matsushima, mai shekara 26, ta zama mace ta farko da ta kammala horon tuƙa jirgin yaƙi a rundunar sojan saman Japan, kuma F-15 ne jirginta, irin wanda Masotan ke fakewa da shi. Sai a ƙarshen 2015 aka buɗe wa mata wannan ƙofa, a rundunar da aka kafa tun 1954. Mai karatu a Kano ko Damagaram ba ya bukatar tafinta a nan. Tambayar "in kin yi aure fa, ya za a yi da aikin?" ba baƙuwa ba ce a kunnen 'yan matanmu, kuma ban taɓa jin an yi wa saurayi ita ba.

Sai kuma dalilin da ya sa ake wannan wahala duka. Kowace shekara 74 wani dodo mai girman tsibiri, Mitatsu-sama, yana farkawa ya canza makwanci, kuma dole ƙananan dodanni su raka shi, in ba haka ba ya halaka ƙasar. Ana tafiya da 'yan mata masu hidimar wurin bauta suna rera masa waƙa, daga ƙarshe a bar ɗaya a cikinsa, ta sadaukar da ranta don ya koma barci. Cire 74 daga 2018, za ka sami 1944, lokacin da Japan ta fara tura samarinta su faɗa wa jiragen ruwan Amurka da jiragensu. Fim ɗin bai yi wa kowa lacca a kan wannan ba. Ya dai ajiye wata tsohuwa mai tallar yogot a sansanin, Sada, wadda daga baya aka gane ita ce matuƙiyar wancan zagayen, ta kai ƙawarta abar ƙaunarta da hannunta ta dawo ita kaɗai. Shekara saba'in da huɗu tana ɗauke da wannan. A ganina babu wurin da ya kai nata nauyi a duk kashi 12. Shinji Higuchi, babban daraktan shirin, shi ne ya yi Shin Godzilla tare da Hideaki Anno a 2016, kuma hannunsa ya nuna: can ma rabin fim ɗin jami'ai ne a ɗakin taro, dodo na waje yana rusa gari.

To amma ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba. Fim ɗin ya gurfanar da mutane, sa'an nan ya sallame su ba hukunci. Mai ɗinka rigunan matuƙan yana taɓa jikinsu da sunan awo, an mai da abin barkwanci. Wani matuƙi namiji da ya fara da raina Eru Hoshino, ɗaya daga cikin matuƙan dodannin, wadda burinta shi ne ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, shi ne aka mayar masoyinta. Jami'in da ya ƙulla makircin karya zukata bai rasa ko kujerarsa ba. Masu kare shirin za su ce haka rayuwa take, irin waɗannan mutane ba kasafai ake hukunta su ba, kuma na yarda. Sai dai akwai bambanci tsakanin nuna cewa sun sha da kuma sa mai kallo ya yi musu dariyar ƙauna. Sau da yawa kiɗan da ke tashi a bayansu na biyun yake nema.

Ƙarshen ma haka yake, rabi jarumta rabi zillewa. Hisone, wadda tun farko matsalarta ita ce bakinta ba ya da linzami, ta ƙi zaɓa tsakanin Masotan da Okonogi, makanikin da take so. Ta ce duka biyun take so, kuma ta ƙi yarda a bar Natsume, yarinyar da aka ware don hadaya, ta mutu. Wannan ya yi daidai. Amma yadda ta hana shi ne ta shiga da kanta ita da dodonta ta yi aikin, ƙofa ta rufe a kansu. Wato dai an sake samun budurwar da ta ba da kanta, illa wannan karon marubuciya ta ji tausayi ta dawo da ita da rai bayan 'yan watanni. Al'adar tana nan, ofishin da ke kula da ita yana nan, kuma in lissafin labarin ya tafi daidai, Mitatsu-sama zai sake farkawa a 2092.